Gaisuwa a Dutsen Kurum

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina. An yi ruwa da asuba ya ɗauke, gari ya yi luf, gajimare ya sauko har yana shafar kan bishiyoyi. Da ya ɗaga, sai mutanen Gangaren Marke suka ga dutse a gabas da gari, a inda jiya babu komai sai gonakin dawa. Baƙi ne wuluk, kansa ya shige cikin sama. Tun da ya bayyana zakara bai ƙara cara ba, kare bai ƙara haushi ba.

Tsofaffi suka ce Dutsen Kurum ne, kuma a ƙwanƙolinsa akwai tafkin da ruwansa ke cin kowane irin ciwo da yardar Allah. Suka faɗa, suka koma gidajensu suka rufe ƙofa.

Akwai wani saurayi ɗan acaɓa a garin, sunansa Tanimu. Ba shi da kowa a duniya sai kakarsa Iya Tabawa, wadda ta goya shi tun yana jariri. Ciwo ya kwantar da ita tun kafin shuka, an kai ta asibiti an dawo da ita, kullum sai ƙara ƙanjamewa take. Shi kuwa Tanimu mutum ne da ba ya zama wuri ɗaya. Ko gaisuwa a kan babur yake yi, kafin a amsa masa ya sha kwana.

Ya leƙa ɗakinta da gora a hannu, ya ce, "Amarya, ki shirya. Yau zan ɗebo miki ruwan da zai sa ki tashi ki tuƙa mini tuwo."

Iya Tabawa ta buɗe ido da ƙyar. "Ji mijin banza. Kai da ba ka iya zaman shan koko, kai ne za ka hau Kurum? Dutsen nan ba a hawansa da gaggawa, kuma ba a ƙarya a kansa."

"Ni na taɓa yi miki ƙarya, tsohuwa?"

"Zauna dai ka taya ni hira."

Ina! Kafin ta rufe baki ya tayar da babur.

Ya miƙe hanyar gabas ya murɗa mai. Abin mamaki, yana gudu dutse na ja da baya. Ya ƙara wuta, dutse ya ƙara nisa, har ya koma kamar kan tulu a ƙarshen duniya. Tanimu ya taka birki don ya goge idonsa, sai ya ga dutsen ya matso. Ya sake tayarwa, dutse ya gudu. Ya tsaya, dutse ya dawo. Sai ya gane ba a isa gare shi a kan babur. Ya jingine babur a gindin wata kuka, ya ci gaba a ƙasa. Bai yi nisa ba ya ji ƙara a bayansa. Ya waiga, ya ga ƙasa ta buɗe baki kamar na kada ta haɗiye babur ɗin, hon ya yi kuka ɗaya a can ciki ya yi shiru. Ciyawa ta rufe wurin kamar ba a taɓa taka shi ba.

Ya daɗe a tsaye baki buɗe. Da ya tuna numfashin Iya, sai ya rungume gorarsa ya nufi gindin dutse.

A bakin hanyar hawa ya tarar da wani tsoho a zaune. Daga ƙugu zuwa ƙasa dutse ne, daga ƙugu zuwa sama mutum. Ruwa na ɗiga daga gemunsa, tsuntsaye sun yi sheƙa a rawaninsa. Gefensa akwai tulu a rufe.

Tanimu ya yi sallama.

Tsoho ya amsa a hankali, kamar yana ɗauko kowace kalma daga rijiya. "Aminci ya tabbata gare ka, ya kai ɗan Adam. Ni ne mai tsaron ƙofar farko. Zauna."

Tanimu ya ɗan rusuna kawai, idonsa na kan hanya.

"Ina gajiya?" in ji tsoho.

"Ba gajiya, Baba."

"Babu?"

"Babu ko kaɗan."

"To wannan da ke kwance a wuyanka, ta wane ce?"

Tsoho ya miƙo hannu, hannun ya yi ta tsawo har ya kai ƙeyar Tanimu, ya ɓamɓaro wani abu toka-toka kamar jiƙaƙƙen bargo. Abin yana da idanu, yana kallon Tanimu yana mutsu-mutsu. Tsoho ya ce, "Tunda ba ta da mai ita, ta zama tamu." Ya jefa ta a tulu ya rufe.

Nan take Tanimu ya ji jikinsa sakayau kamar an sauke masa buhun gero. Tsoro ya koma murna. Ya yi godiya a gurguje ya kama hawa yana tsalle kamar ɗan akuya. Hanyar ta bi ta wani fili mai duwatsu masu kaifi irin na aska. A gefe akwai koguna, a ciki an shimfiɗa tabarmi an ajiye ruwan sanyi, amma duk kogon da ya tunkara sai bakin kogon ya rufe kamar ido, domin ba sa buɗuwa sai ga gajiyayye. Bai damu ba. Ya yi ta tafiya, babu abin da ke ce wa ƙafarsa ta dakata.

Can ya waiwaya don ya ga nisan da ya yi, sai ya hango jan layi ya biyo shi tun daga ƙasa. Ya dubi ƙafarsa. Takalma sun cinye tuni. Tafin ƙafarsa ya yage, yatsu biyu na ƙafar hagu babu su. Sai da ya gani sannan zafin ya zo. Ya kurma ihu, dutse ya shanye ihun bai maido ko amo ba. Ya yagi rigarsa ya ɗaure ƙafar, ya ci gaba yana ɗingishi.

Hanya ta shigar da shi cikin gajimare, a ciki kuwa gari ne guda. Katangun gidajen da ruwan sama aka saƙa su, kana ganin ɗigon yana tsaye bai faɗi ba. Mutanen garin dogaye ne farare fat, in ɗayansu ya ɗaga ƙafa sai ka gaji da jira kafin ya sauke. Babu mai ɗaga murya. A ƙofar wani gida wata mata ce zaune, gashin kanta ɗanyar ciyawa, tana dama wani abu a ƙwarya mai haske kamar farin wata. Ƙamshinsa ya bugi Tanimu, ga shi rabonsa da abinci tun jiya.

Matar ta ce, "Maraba da baƙon ƙasa. Wannan abincin masu hawa ne. Bismillah, matso ka sha."

To, ɗan mutunci ba ya faɗa wa ƙwaryar mutane daga tayin farko. Tanimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Ya tsaya yana jiran ta ce haba, ko kaɗan ne ka taɓa.

Ba ta ce ba. Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwarya. Sannan ta ɗora ludayi a leɓensa, ta zaro wani jan zare siriri daga bakinsa, ta naɗe a yatsa. Ta ce, "Wanda ya ƙoshi ba ya bukatar wannan."

Tanimu ya laluba aljihu ya ciro guntun ƙuli-ƙuli ya jefa a baki. Yashi. Ya tauna ya sake taunawa, babu gishiri, babu yaji, babu komai.

"Baiwar Allah, me kika yi mini?" ya faɗa da ƙarfi, har katangar gidan ta tsage ruwa ya zubo. Duk garin suka juyo a hankali suna kallonsa. Ya rage murya. "Ai kara ce na yi! A wurinmu sai an yi wa mutum tayi an sake yi, sannan ya sa hannu."

Matar ta dube shi da mamaki na gaske. "Kana jin yunwa, ka ce ka ƙoshi?"

"Haka ake yi."

"Kuma aka tambaye ka gajiya a ƙofar farko, ka ce babu?"

"Ai gaisuwa ce kawai!"

"Ya kai ɗan Adam, a nan babu magana kawai. Abin da ka faɗa shi ne, kuma sau ɗaya ake faɗa. Wuce, Allah ya kiyaye gabanka."

Ya fita daga garin yana dafe da kai. Wato ƙaryar da Iya ke nufi ke nan? Maganar da kowa ke yi tun daga safe har yamma? Ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara amsa komai ba sai ya auna.

Gajimare ya ƙare, rana ta fito. Gabansa wata siririyar hanya ce a kan doron dutse, dama rami, hagu rami, ba a ganin ƙarshensu. A tsakiya wani tsuntsu ne tsaye, ya fi rumbu girma, fuskarsa ta dattijon mutum. Kiwo yake yi: duk inuwar gajimaren da ta gifta a kan dutse sai ya tsince ta da baki ya haɗiye. Tanimu ya lallaɓa zai wuce ta gefensa. Tsuntsu ya kai sara, caraf, ya ja inuwar Tanimu tun daga dugadugansa kamar ana zare zani daga igiya, ya haɗiye. Wani sanyi ya ratsa Tanimu har ƙashi.

Tsuntsu ya zabura. "Kaico! Na ɗauka ta gajimare ce. Yi haƙuri, ɗan Adam." Ya fara kakarin amayo ta, har ƙafar inuwar ta leƙo daga bakinsa.

"Ba komai," in ji Tanimu.

Maganar ta fita kafin ya san ta fita. Tsuntsu ya tsaya, ya maida ƙafar inuwar ciki, ya haɗiye da kyau. "Madalla da mai yafiya. Ban taɓa ganin mai kyauta irinka ba."

Tanimu ya mari bakinsa. "Da komai! Wallahi da komai! Maido mini!"

"Ka riga ka faɗa, dutse ya ji." Tsuntsu ya karkata kai yana dubansa da tausayi. "Na ga ciwonka. Bakinka ya fi ƙafarka gudu. Ban iya maido abin da ka yafe, amma karɓi wannan." Ya tsinci wata 'yar tsakuwa mai santsi ya ajiye a tafin hannunsa. "Sa ta a ƙarƙashin harshe. Duk wanda ya tambaye ka, sai ka ciro ta kafin ka amsa. Tsakanin cirowa da amsawa, ka duba cikinka."

Daga nan Tanimu bai ƙara sauri ba. Ba ma zai iya ba, don hanyar ba ta bayyana sai ya ajiye ƙafa ya jira, sannan wurin taku na gaba ya fito daga cikin iska. Rana ba ta faɗuwa a can, bai san ko yini ya yi ko mako ba. In ya ji a ransa lokacin salla ya yi, sai ya yi taimama ya yi. Wani lokaci ya zauna, ba don gajiya ba, sai don ya ga zaman ya dace. Shirun wurin ya yi yawa har ya fara jin tafiyar tururuwa, ya ji tsiro na fasa ƙasa, ya ji bugun zuciyarsa. A ƙarƙashin duk wannan kuma ya riƙa jin wani sauti daga nesa, siriri, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar. Ya gane shi. Numfashin Iya ne. A gida bai taɓa zama ya saurare shi har haka ba.

Da haka ya kai ƙwanƙoli. Tafkin na nan kwance, ko motsi ba ya yi, sararin sama duk yana cikinsa. Tanimu ya durƙusa ya ciro tsakuwa ya yi sallama, ya mayar.

Ruwa ya tashi tsaye ya zama mace. Tsayinta ya kai na giginya, mayafinta ruwa ne yana kwarara ba tare da ƙara ba, ƙananan kifaye na yawo a cikin hannayenta.

"Aminci gare ka, ya kai wanda ya iso ba inuwa. Ni ce Uwar Tafki. Ina gajiya?"

Ya ciro tsakuwa. Ya duba cikinsa. "Ranki ya daɗe, an karɓe ta a ƙofar farko. Ina kewarta."

"Yaya hanya?"

"Ta ci ni, ranki ya daɗe. Ta ci babur ɗina da yatsuna."

"Yaya gida?"

"Gida babu daɗi."

Uwar Tafki ta sunkuyo har ya ji sanyin fuskarta. "Yaya mai jiki?"

Amsar ta taso da gudu ta zo bakinsa, amsar da ya ba maƙwabta, ya ba abokansa a tasha, ya ba liman, tun ranar da Iya ta kwanta. Ta yi karo da tsakuwa ta tsaya. Tanimu ya ciro tsakuwar. Wa ke buɗe baki ya faɗi irin wannan magana a kan nasa? Ai kamar kiran mutuwa ne. Ya ji kamar in ya faɗa, shi ne ya jawo. Amma sautin nan siriri yana kunnensa, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar.

Ya ce, "Babu sauƙi. Ranki ya daɗe, kakata mutuwa take yi."

Dutsen gaba ɗaya ya girgiza. Tanimu ya kifa goshi a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro. Uwar Tafki ta jira har ya gama, sannan ta karɓi gorar ta cika ta da hannunta.

"Ka faɗi gaskiya, ga ruwa. Amma ka ji sharaɗinsa. Ruwan nan ba ya shiga inda ba a kira shi ba. Ka tambaye ta da bakinka, ta amsa da bakinta. In ta ce akwai ciwo, zai ci ciwon. In ta ce da sauƙi, zai komo inda ya fito."

Tanimu ya share hawaye har da 'yar dariya. "Wannan mai sauƙi ne. Zan yi mata bayani tukuna."

Uwar Tafki ta narke ta koma ruwa.

Ya sauko a hankali, gora a ƙirji. Yana taka gonar dawa ya waiga, babu dutse babu alamarsa. Zakaru suka ɓarke da cara. Da hantsi ya shiga gari, mutane suka fara yi masa barka, sai suka dubi ƙasa suka ga rana na dukansa amma babu inuwa. Mata suka ja 'ya'yansu. Mai shayin bakin kasuwa ya daure ya ce, "Tanimu, sannu da zuwa, ina gajiya?"

"An ƙwace ta," in ji Tanimu, ya wuce. Mai shayi ya saki kofi.

Ya tarar da Iya Tabawa ta koma kamar kara a cikin zani. Maƙwabciyar da ke jinyarta ta ga ƙafarsa ta yi salati ta fita. Ya zauna a bakin gado, ya zauna sosai, ya riƙe hannunta.

"Wa nake gani kamar angona?" in ji Iya, murya can ƙasa. "Har ka koyi zama? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Iya, kada ki yi magana tukuna. Ki saurare ni." Ya kwashe labari duka ya gaya mata, tun daga tsoho mai tulu har sharaɗin Uwar Tafki. Ya girgiza gorar ta ji motsin ruwa. "Zan tambaye ki yaya jiki. Abu ɗaya za ki ce: babu sauƙi. Shi ke nan, ki sha ki tashi."

Iya ta kalli rufin ɗaki. "In ce me?"

"Babu sauƙi."

"Ni?"

"Ai gaskiya ce, Iya! Dubi hannunki!"

"Na gani." Ta numfasa. "Tanimu, na binne mijina, na binne uwarka, na ga shekarar da muka ci dusa. Duk wanda ya tambaye ni, da sauƙi na ce masa. Yau ina bakin tafiya, ina shirin gamuwa da Mai ni, shi ne zan buɗe baki in kai ƙararsa wurin ruwa?"

"Ba ƙara ba ce! Kalma biyu ce! Na bar yatsuna a kan dutsen nan saboda ke!"

"Na ga ƙafar. Allah ya yi maka albarka." Ta matse hannunsa da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Tambaye ni."

"Ba zan tambaya ba sai kin yi mini alkawari."

"Mijin banza, matarka na kwance ba za ka gaishe ta ba? Tambaye ni, numfashina ba shi da yawa."

Ya dubi gorar, ya dube ta. Ya durƙusa a ƙasa, ya buɗe murfin ya kai kusa da bakinta, yadda kalmar na fita ruwan zai shiga.

"Iya, don Allah. Don girman Allah. Yaya jiki?"

Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta yi murmushi.

"Ga ka ka dawo da ranka, ga ka zaune kusa da ni. Da sauƙi, ɗan nan. Alhamdu lillahi."

Gorar ta yi wani huci kamar an zuba ruwa a garwashi. Farin tururi ya fita ta taga ya nufi gabas. Tanimu ya kifa ta a tafin hannunsa, ya bubbuga, ya zura yatsa. A bushe take ƙamas, har da ƙura a ciki.

Bai tashi daga wurin ba. Ya riƙe hannunta yana sauraron numfashin, yana shiga yana fita, har bayan la'asar ya shiga bai fito ba.

Aka yi jana'iza, aka zauna zaman makoki. Mutane suka riƙa zuwa suna durƙusawa nesa da shi kaɗan, suna cewa, "Tanimu, yaya haƙuri?" Sai ya yi shiru ya daɗe yana duba cikinsa, har mai tambaya ya tsargu ya tashi.

Abin da tafiyar ta ci ke nan: babur ɗaya, takalmi ƙafa biyu, yatsu biyu na ƙafar hagu, ɗanɗanon bakinsa, gajiyarsa, inuwarsa, ruwa gora ɗaya, da Iya Tabawa.